Tambaya da Amsa: Ɗalibin Injiniya a Wurin Horon Aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin injiniyan kanikanci ne a aji huɗu. Wata biyu ke nan da fara SIWES, wato horon aiki na wata shida da jami'a ke tura ɗalibai, a wani wurin gyaran injuna a nan Sakkwato, amma aikina daga sayo abinci sai share fili. Rannan aka sa ni riƙe ƙarfe ana walda, ba garkuwar fuska, ba safar hannu. Abokaina masu uwa a gindin murhu kuwa suna manyan kamfanoni. Ya zan yi? Daga wani ɗalibi, Mabera.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da waldar, ita ce ta gaggawa. Haskenta yana ƙona saman ido, kuma zafin ba ya tashi nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi cikin dare, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na ta zuba. Mai riƙe ƙarfe yana buƙatar garkuwa kamar mai waldar, da safar fata, da takalmi mai ƙarfe a baki. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya maye gurbinta. In ba a ba ka ba, ka ce cikin ladabi ba za ka tsaya ba. Haka kuma a Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ka riƙa shan kofin ruwa kusan kowane minti 20, kada ka jira ƙishirwa.

Hukumar ITF, wato asusun horon masana'antu na gwamnatin tarayya, ta fito da shirin SIWES a 1973 don ɗalibi ya taɓa inji da hannunsa, saboda haka wata shida na aike asara ce. Makaminka shi ne littafin da kake rubuta aikin kullum, wanda mai kula da kai ke sa wa hannu duk mako. Ɗalibai da yawa suna cika shi da ayyukan da ba su yi ba, sai malamin da jami'a ta turo ya zo ya ga komai lafiya, ya tafi. Rubuta gaskiya, har da kwanan wata. Sannan ka samu shugaban wurin ka roƙi jadawali: mako biyu a injin ferar ƙarfe, mako biyu wajen kwance inji, da sauransu. In mako biyu sun wuce shiru, kai takarda ofishin SIWES na jami'arku ka nemi canji, da takardar karɓa daga sabon wuri a hannu. Kada ka tashi da kanka. Sunanka na rajista a tsohon wurin, in an zo duba ka ba a same ka ba, za ka iya maimaitawa.

Batun hanya kuwa, ba ƙarya ka yi ba. Guraben ba su da yawa: masana'antar siminti ta Kalambaina, hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, hukumar ruwa, ma'aikatar ayyuka. A ganinmu jami'a ce ya kamata ta tattara guraben, ta liƙa su a allo, ta raba a fili, maimakon ta miƙa wa ɗalibi takarda ta ce je ka nema. Sai dai fa ƙaramin gareji mai ubangida nagari ya kan fi babban kamfani damƙa wa ɗalibi sifana. Ku na aji uku, ku fara kai takardunku tun yanzu, wuri uku ko huɗu.