Tambaya da Amsa: Wayar lantarkin da ba ta zafi, da sauran labaran masu binciken fiziks

Wasiƙun da suka taru a wannan wata daga masu karatunmu na Legas sun karkata ga labaran binciken kimiyyar fiziks da ake ta yaɗawa a wayoyin hannu, saboda haka na zaɓi huɗu daga cikinsu, na kuma taƙaita tambayoyin domin wuri ya ishe mu.

Tambaya daga wani mai gyaran wayar hannu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja: Malam, an turo mini wani bidiyo na ɗan dutse yana shawagi a kan maganaɗisu, aka ce 'yan Koriya sun gano sinadarin da wutar lantarki ke ratsawa ba tare da asarar ko kaɗan ba, kuma wai da shi za a kawo ƙarshen ɗauke wuta. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, tunda sana'arka ce, ka fi ni sanin yadda caja ke ɗumi a hannu idan ta daɗe a jone, da yadda siririyar waya ke narkewa idan aka ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Wannan zafi wuta ce da aka biya kuɗinta amma ta salwanta a hanya, domin kowane ƙarfe, har jan ƙarfen da ake ja da wayoyin gida, yana yi wa lantarki turjiya gwargwadon halinsa. A shekarar 1911 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba a garin Leiden har zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, sai ya ga turjiyar ta ɓace gaba ɗaya, wutar tana wucewa kamar babu kome a gabanta. Tun daga wannan rana burin masana shi ne su samu sinadarin da zai yi haka ba tare da wannan mugun sanyi ba.

An yi ta matsawa a hankali. A 1986 Bednorz da Müller, waɗanda ke aiki a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke kusa da Zurich, sun gano wani dangin sinadarai masu kama da tangaran da ke nuna wannan hali a sanyin da bai kai na zaiba ba, kuma shekara guda bayan haka aka samu wanda ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya isa ya sanyaya shi. A 2015 masu bincike a Mainz ta ƙasar Jamus suka ɗauki iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, suka matse ta tsakanin lu'ulu'u biyu, ta rasa turjiya a digiri 70 ƙasa da sifili. A 2019 wani haɗin haidirojin ya kai digiri 23 ƙasa da sifili, wato sanyin da ya ɗara na firizar masu sayar da kifi da kaɗan. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba: matsin da ake bukata ya haura nauyin iskar da ke kanmu sau miliyan ɗaya da rabi, kuma abin da ake gwadawa ɗan mitsitsi ne da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa sosai. Babu wanda zai ja irin wannan daga tashar wuta ta Egbin da ke Ikorodu zuwa Agege.

Bidiyon da ka gani kuwa na sinadarin da aka raɗa wa suna LK-99 ne, haɗin dalma da jan ƙarfe da wasu, wanda masu bincike a Koriya ta Kudu suka sanar a ƙarshen watan Yuli na 2023 cewa yana aiki a zafin ɗaki kuma babu matsi. Ni ma a cikin motar haya na fara ganinsa, a wayar wani saurayi da ke zaune kusa da ni muna cikin cunkoson Oshodi, yana ta maimaita shi yana nuna wa kowa yadda gefe guda na dutsen ya ɗaga, ɗaya gefen kuma yana taɓa maganaɗisun. Wannan gefe da bai ɗaga ba shi ne abin da ya fara sa masana shakka. Cikin makonni kaɗan ɗakunan bincike a Sin da Amurka da Indiya da Jamus suka haɗa nasu, kuma da masu bincike a Stuttgart suka samar da shi tsantsa babu gauraye, sai ya zamana ko wutar ma ba ta ratsa shi. Faɗuwar turjiyar da 'yan Koriya suka auna ta fito ne daga wani gurɓataccen haɗin jan ƙarfe da farar wuta da ya maƙale a cikin samfurinsu. Ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga kimiyya ba, domin an yi iƙirari a bainar jama'a, aka gwada a bainar jama'a, aka kuma warware shi kafin wata guda ya cika.

Abin da ya tabbata a 'yan shekarun nan ya fi wannan ban mamaki, ko da yake bai yi suna a wayoyi ba. A 2004 Geim da Novoselov na Jami'ar Manchester sun yi amfani da salatif suka ɓare baƙin da ke cikin fensir har suka samu shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, wadda ake kira girafin. A 2018 ƙungiyar Pablo Jarillo-Herrero a jami'ar MIT ta Amurka ta ɗora shimfiɗa biyu, ɗaya a kan ɗaya, ta ɗan karkata ta saman da digiri 1.1, sai ga shi turjiya ta ɓace, alhali sinadarin bai canja ba, zaman shimfiɗun ne kawai ya canja. Wannan ma sai a cikin tsananin sanyi, amma ya bai wa masana wani abin gwaji mai sauƙin sarrafawa da suke fatan zai fahimtar da su dalilin da ya sa wasu sinadarai ke yin haka, domin har yau ba a daddale bayanin dangin tangaran na 1986 ba.

Game da ɗauke wuta kuwa, ra'ayina shi ne ko da an samu wannan waya gobe, asarar hanya kashi ɗaya ce kawai daga cikin matsalarmu, tunda akwai ƙarancin wutar da ake samarwa tun daga tushe, da batun iskar gas, da tsofaffin tiransifomomi. Inda wannan ilimi ke amfanar ɗan Legas a yau shi ne asibiti: na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI tana aiki ne da maganaɗisu na wayar da ba ta da turjiya, wadda ke jiƙe cikin ruwan hiliyam, kuma tsadar wannan sanyi tana cikin dalilan tsadar hoton.

Tambaya daga wata malamar makarantar sakandare a Agege: Ɗalibaina sun tambaye ni game da labarin cewa Amurka ta ƙirƙiri rana a ɗakin bincike, wadda za ta ba da wuta kyauta. Me zan gaya musu?

Amsa: Malama, ki gaya musu cewa rana tana samun haskenta ne ta hanyar haɗe ƙwayoyin haidirojin su zama hiliyam, kuma wannan haɗewa ce ake ƙoƙarin kwaikwaya. A ranar 5 ga Disamba 2022, a ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Kalifoniya, an harba hasken leza guda 192 a kan wani ɗan ƙwanso da bai wuce girman ƙwayar masoro ba, makamashin da ya isa gare shi megajul (wato ma'aunin makamashi) 2.05, wanda ya fito kuma megajul 3.15. Wannan ne karo na farko da abin da ya fito ya zarce abin da aka zuba a kan ƙwanson, kuma an maimaita shi daga baya har an samu fiye da haka, saboda haka nasarar ta gaske ce.

Amma ki sa su yi lissafin da kansu a kan allo. Yunit ɗaya na mitar kati da muke saye megajul 3.6 ne, ke nan duk abin da wannan gagarumin gwaji ya fitar bai cika yunit ɗaya ba, yayin da na'urorin lezar suka ja kimanin megajul 300 daga layin wuta kafin su yi harbin. Tashar wuta kuwa za ta bukaci irin wannan harbi sau da yawa a kowace daƙiƙa, dare da rana. Akwai wata hanya dabam da ake bi a kudancin Faransa, inda ƙasashe da dama suka haɗa kuɗi suna gina wata babbar na'ura mai suna ITER, wadda za ta riƙe iskar da zafinta ya kai digiri miliyan 150 a cikin zoben maganaɗisu, kuma a 2024 masu aikin suka sanar cewa gwaji da ainihin nau'in haidirojin da za a haɗe sai 2039. Da sauran rina a kaba. Ɗalibin da ke son ya ci moriyar rana a Agege a bana, farantin sola ya fi kusa da shi.

Tambaya daga wani dattijo ɗan kasuwa a Mile 12: Na ji ana maganar wani rami a Turai da ake farfasa ƙwayoyi, har wai sun gano wata ƙwaya da suka danganta da Ubangiji. Wannan ba shisshigi ba ne? Kuma me suka samu tun daga lokacin?

Amsa: Ranka ya daɗe, Alhaji, wannan laƙabi ya fito ne daga sunan wani littafi da aka buga a Amurka a 1993, 'yan jarida suka ɗauka suka yayata, kuma shi kansa Peter Higgs, wanda ƙwayar ke ɗauke da sunansa, bai so shi ba, haka ma yawancin masana. Babu wata da'awa ta addini a cikin aikin. Ramin na CERN ne, wato cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyi ta Turai, zobe mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan, inda ake kora ƙwayoyin furoton, waɗanda ke cikin tsakiyar ƙwayar zarra, da gudun da ya kusa na haske a gwara su, sannan a duba ɓaraguzan. Higgs da wasu sun yi hasashen ƙwayar a 1964 domin bayyana yadda ƙananan ƙwayoyi ke samun nauyi, aka sanar da ganinta a ranar 4 ga Yuli 2012, wato bayan shekara 48, shi da François Englert suka karɓi kyautar Nobel a 2013. Maganaɗisun da ke lanƙwasa hanyar ƙwayoyin a cikin ramin irin wayar nan ce marar turjiya da muka yi magana a kai a sama.

Tun daga lokacin an samu sababbin ƙwayoyi da dama waɗanda haɗe-haɗe ne na sanannun ƙwayoyi, amma ba a ga wata sabuwa fil da ta saɓa wa ka'idar da ake da ita ba, kuma wannan yana damun masana fiye da yadda mutum zai zata, domin sun san ka'idar ba ta cika ba: ba ta bayyana ɓoyayyen abin da ke riƙe da tarin taurari ba, wanda ya fi duk abin da muke gani yawa kusan sau biyar. Inda aka fi sa rai shi ne wata ƙwaya mai suna miyuwon, wadda ta fi ilektiron, ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki a cikin waya, nauyi sau 207, kuma tana zubo mana daga sama kullum, har idan Alhaji ya buɗe tafin hannunsa a gaban rumfarsa, kusan guda ɗaya ce ke ratsa shi a kowace daƙiƙa ba tare da ya ji ba. A 2021 cibiyar Fermilab da ke kusa da Chicago ta auna yadda miyuwon ke layi a cikin maganaɗisu, awon ya saɓa wa lissafi, duniya ta ɗauka an taɓo sabon abu. A watan Yuni na 2025 suka fitar da awonsu na ƙarshe, wanda ya tabbatar da na farko, sai dai kafin nan masu lissafi sun sake aikinsu da manyan kwamfutoci ta wata hanya dabam, sabon lissafin kuma ya matso ya yi daidai da awon. Har yanzu ana muhawara a kan dalilin da ya sa hanyoyin lissafin biyu suka ba da amsa dabam-dabam, amma murnar 2021 ta lafa ƙwarai.

Tambaya daga wata ɗalibar jami'a da ke zaune a Idi-Araba: Shin kishiyar ƙwayar zarra, idan aka sake ta, sama take tashi ko ƙasa take faɗuwa?

Amsa: Ƙasa take faɗuwa, 'yata. Kowace ƙwaya tana da kishiya mai nauyi iri ɗaya da ita amma cajinsu ya saɓa, idan suka haɗu kuma duka biyun su ɓace su zama haske, shi ya sa ajiye kishiyar ke da wuya, tunda ko bangon mazubi ta taɓa ta tafi. Ka'idar Einstein ta nuna cewa ya kamata ta faɗo kamar kowane abu, amma babu wanda ya taɓa gani da awo sai a watan Satumba na 2023, lokacin da masu gwajin ALPHA a CERN suka sanar cewa sun tara kishiyoyin haidirojin a cikin tarkon maganaɗisu da ke tsaye, suka sassauta shi sama da ƙasa a hankali, suka ƙirga, mafi yawansu ta ƙasa suka fita. Awon bai kai kaifin da zai nuna ko saurin faɗuwarta daidai yake da na haidirojin ɗinmu ba ƙari ba ragi, kuma wannan shi ne abin da suke ƙoƙarin aunawa a yanzu.