Dalilin Raba Gishirin Bariyom Kafin Awo

Ka tambaye ni abin da ya sa muke shan wahalar ware ƙarafan nan 17 masu wuyar samu daga gishirin bariyom kafin awo, alhali na'urar ICP-MS, wadda take auna yawan ƙarafan da ke cikin samfuri, tana karɓar samfurin kai tsaye. Yaro, tambayarka irin ta 'yan yanzu ce, waɗanda duk abin da kwamfuta ta nuna musu sun hau sun zauna.

Na'urar nauyi take ƙirgawa, ba ta san suna ba. Yurofiyom, ɗaya daga cikin ƙarafan nan, yana da nauyi iri biyu, 151 da 153, bariyom mai nauyin 135 da 137 kuwa idan ya kama oksijin mai 16 a cikin wutar na'urar, daidai kan lambobin nan yake sauka, sai a rubuta maka yurofiyom inda babu shi.

Da wannan wani dillali ya cuce ni a nan Bauchi. Ya kawo farin garin gishirin bariyom a leda, ya ce motarsa tana jira, ba zai biya kuɗin rabawa ba, a karanta masa haka nan. Na faɗa masa baki da baki cewa lambar yurofiyom da zai gani ta bariyom ce, na kuma rubuta hakan da jan biro a ƙasan takardar. Ashe abin da ya zo nema ke nan. Ya yanke ƙasan, ya kai wa mai kayan, ya ce gishirinsa gurɓatacce ne, ya karya farashi ya kwashe buhunan. Da mai kayan ya sake gwadawa a wani wuri aka samu kayansa tsaf, ba dillalin aka zaga ba, hatimina aka gani. Masu kawo mini aiki suka watse, shi kuwa har yau motarsa yake hawa.

Narkarwa da wanke kwalabe ba zan koya maka ba. Bayan ka narkar da gishirin, ka ɗiga masa kaɗan daga ruwan sinadarin baƙin ƙarfe, ka bi shi da amoniya har jan laka ya kwanta. Lakan nan ne yake janye ƙarafan da muke nema, bariyom ya zauna a ruwa. Ka tace, ka narkar da lakan da asid na naitirik, sannan ka auna, tare da kwalbar da ta bi duk matakan ba gishiri a cikinta. Amoniyar ta zama sabuwa, domin wadda ta sha iska tana ɗauke da kabonet, kuma zai kwantar da bariyom ɗin cikin lakan, aikinka ya koma baya.