Jif ɗin Alhaji ba takalmin birki take nema ba

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka cire tayoyin Land Cruiser ɗin Alhaji, alhali ya ce birki na yi masa tauri da safe, fitilar ABS, mai gargaɗin matsala a na'urar birki, na kunnuwa, kuma wani abu na ta kuka a dashbod. To, zauna ka ji.

Da ka buɗe bonet, ka ga baƙin tulun nan na iska da ke bayan masta, wato abin da ke tura man birki zuwa tayoyi in ka taka, a Corolla da Golf? Babu shi. Land Cruiser irin ta Alhaji, ta shekarun 1998 zuwa 2007, da 'yar'uwarta Lexus LX470, ba da iskar inji suke samun ƙarfin birki ba. Famfo ne na lantarki a ƙarƙashin tankin man birki, yana tura man cikin wani gwangwani mai iskar naitirojin, ya danne shi ya ajiye. Abin da aka ajiye ɗin nan shi ke taimakon ƙafar direba. In ya yi ƙasa, mota ta fara kuka, birki ya rasa ƙarfinsa. Takalmi fa? Ko sabbi ka sa daga kwali, kukan na nan.

Ga gwajin, ba ya bukatar ko sifana. Kashe mota, ka yi ta taka birki sama da sau 40, wato ka zubar da abin da gwangwanin ya tara. Sai ka murɗa makulli ba tare da tada inji ba, ka kasa kunne kana duba agogo. Famfo mai lafiya yakan yi gurnani na daƙiƙa 30 zuwa 40 ya yi shiru. In ya zarce sosai, ko yana shaƙewa yana ƙara, motar lantarkin da ke juya shi ta gaji, galibi burushinta ne ya cinye. In kuwa kowane taku ɗaya ko biyu sai ya tashi, gwangwanin ne ya saki iskarsa. In shiru ka ji gaba ɗaya, fara da fis da rile da batir kafin ka yanke wa famfo hukunci.

Sannan ka haska tocila a ƙarƙashin masta, inda wayoyi biyu suka shiga motar famfon. Sau da yawa za ka tarar da kan kusoshin ya yi tsatsa, ya yi kore. Aikin masu cika man birki ne a gefen hanya. Suna duba tanki lokacin da wani ɓangaren man ke cikin gwangwani, su ga ya yi ƙasa, su ƙara har wuya. Ranar da man ya dawo sai ya malalo kan wayoyin. Don haka a wannan motar ba a duba mai sai bayan takun nan 40. Kuma kada ka kuskura ka kwance bututu ko ɗaya kafin ka yi su, man zai feso maka a ido.

Alhaji zai ce a cire wayar abin da ke kuka ya huta, tunda kayan na da tsada. Ka ce masa cikin ladabi Oga ya hana. Motar ta haura tan biyu, kuma da ita yake ɗaukar iyali zuwa Abuja. Gobe da sassafe, kafin a tada ta, kai za ka yi gwajin, ni in riƙe agogo.