Console: ta'aziyya ce ko rarrashi?

Wata ɗaliba daga Zariya ta tambaya: "Malam, a aji an fassara mana console da ta'aziyya. Sai na karanta inda uwa ta yi wa ɗanta console don ya faɗi jarrabawa. Ana yin ta'aziyya ba mutuwa?"

'Yata, kin lura da kyau. Console ta shiga Ingilishi ne ta Faransanci, tushenta kuma Latin, consolari, wato sanyaya zuciyar mai baƙin ciki. Bature yana amfani da ita a kowane irin rashi, babba ko ƙarami. Bahaushe kuwa ya rarraba, kowane ciwo da irin maganarsa.

Ta'aziyya daga Larabci muka aro ta, kuma mutuwa kaɗai ake yi wa. Kin san yadda take: a shiga gidan makoki, a zauna kan tabarma, a ce "ya haƙuri?", a yi wa mamaci addu'ar Allah Ya jiƙan shi, a shafa fatiha, a tashi. Ba a tsawaita zance. In kuwa gobara ce ta cinye shago, ko ɓarayi sun shiga gida, ko an yi haɗarin mota an tsira da rai, wannan jaje ne, kuma addu'arsa daban: "Allah Ya mayar da alheri, Allah Ya kiyaye gaba." Wanda ya je jaje ya ce ta'aziyya ya zo yi, sai masu gida su zabura su tambayi wa ya rasu. Shi ya sa nake damuwa in na ji masu fassarar labarai suna cakuɗa su.

Ita uwar da kika karanta, rarrashi ta yi, wasu su ce lallashi. Ta jawo yaron jikinta, ta share masa hawaye, ta ba shi baki. In babba ne, sai mu ce an ba shi haƙuri ko an kwantar masa da hankali, sau da yawa da karin magana irin "bayan wuya sai daɗi".

Ki kula da furucin console ma. In ana nufin rarrashi, ƙarfin murya a gaɓa ta biyu yake. In ƙarfin ya koma gaɓa ta farko, to sunan abu ne, kamar na'urar wasan yara irin PlayStation.