Ina malamin tarihi zai samu kayan aiki da ƙarin horo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar tarihi ce a makarantar sakandare. Littafin manhaja ɗaya tak nake dogaro da shi, ɗalibaina kuma haddar shekaru da sunayen sarakuna kawai suke yi, da an gama jarrabawa shi ke nan sun manta. Ina zan samu kayan koyarwa masu inganci? Kuma yaya zan ƙara gogewa a aikin ba tare da na koma jami'a ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kayan aiki kam akwai su jingim, yawancinsu ma kyauta ne a intanet. Abin da ya fi wuya shi ne sanin yadda za a shigar da su aji. Muddin ɗalibi bai taɓa riƙe hujja da hannunsa ya auna ta ba, to hadda zai ci gaba da yi, ko littafi goma aka ba shi.

Fara da jerin littattafan tarihin Afirka da UNESCO ta ƙaddamar da aikinsu a 1964. Kwamitin masana 39 ne ya kula da aikin, kashi biyu cikin uku 'yan Afirka, kuma juzu'ai takwas na farko suna shafin hukumar, ana sauke su kyauta. Kada ki ce za ki karance su duka, za ki gaji. Ɗauki babin da ya shafi darasin makon gobe kawai. Sai dai juzu'i na farko, wanda Joseph Ki-Zerbo ya tace, shi kam ya cancanci a zauna da shi sosai, domin a nan aka yi bayanin yadda ake tantance tarihin baka da rubutattun takardu da abin da aka tono daga ƙasa.

Ga misalin yadda ake mayar da wannan darasi. A ce batun hajjin Mansa Musa, sarkin Mali, ne na 1324. Maimakon ki rubuta a allo cewa ya raba zinariya a Masar, ki kawo musu abu uku. Na farko, ɗan yanki daga rubutun al-Umari, wani Balaraben masanin tarihi na wancan zamani, wanda ya ce darajar zinariya ta faɗi a Alƙahira saboda yawan kyautar sarkin. Na biyu, hoton taswirar Katalan ta 1375, inda aka zana Mansa Musa zaune da kambi yana riƙe da curin zinariya. Tana ɗakin karatu na ƙasar Faransa, ana kuma ganin ta a shafinsu na Gallica. Na uku, labarin Ibn Battuta da ya isa Mali a 1352 zamanin Mansa Sulaiman, ya yi ta ƙorafin ƙarancin kyautar da aka yi masa. Sai ki tambaye su: wa ya rubuta, yaushe, da idonsa ya gani ko ji ya yi? A nan za su gano al-Umari bai haɗu da Mansa Musa ba, daga bakin waɗanda suka tarbe shi ya ji bayan shekaru, mai zanen taswirar kuma ya yi aikinsa ne sarkin ya daɗe da rasuwa. Gardamar da za ta ɓarke a ajin, ita ce darasin. Kuma abin mamaki, shekarun da suke mantawa a nan suke zama musu, tun da sun yi aiki da su.

Wannan salon, ƙungiyar malamai masu bincike ta Jami'ar Stanford a Amurka, ƙarƙashin Sam Wineburg, ta tsara shi cikin darussa da ake saukewa kyauta bayan rajista. Yanzu aikin yana hannun wata ƙungiya mai suna Digital Inquiry Group. Mafi yawan darussan na tarihin Amurka ne, don haka tsarin za ki ɗauka, ki zuba naki batun. EuroClio, ƙungiyar malaman tarihi ta Turai da aka kafa a 1992, ita ma tana da rumbun kayan koyarwa a intanet mai suna Historiana. Idan tsofaffin takardu da hotuna kike nema, leƙa shirin ceto takardun da ke neman salwanta na ɗakin karatu na Birtaniya, wanda ya fara a 2004.

Batun horo kuwa, ra'ayina ba zai yi wa masu tara takardun shaida daɗi ba. Bitar kwana biyu a zauren taro tana da amfaninta, amma da wuya ta canza abin da malami yake yi ranar Litinin. Abin da na fi yarda da shi shi ne tsarin da malaman Japan suka daɗe suna bi: malamai uku ko huɗu su shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar, sauran su zauna a baya suna lura da ɗalibai, ba da malamin ba. Wace tambaya ce ta ɗaure musu kai? A ina suka yi shiru? Daga baya a zauna a gyara, wani ya sake koyar da shi a wani ajin. In ke kaɗai ce malamar tarihi a makarantarku, ki jawo malamin labarin ƙasa ko na adabi, ko ki nemi takwarorinki na wasu makarantu ku riƙa musayar darussa ta waya. Darasi ɗaya irin wannan a kowane zango ya isa a fara da shi, kuma ki riƙa adana takardun hujjojin tare da amsoshin ɗalibai don ajin baɗi.