Saniyar tatsa a bayan gida: ga amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun taru akan maganar ajiye saniyar tatsa a gida, irin guda ɗaya ko biyu da mutum zai ɗaure a turke yara su sha madara uwargida kuma ta samu na cefane, toh na tsinci waɗanda suka fi maimaituwa zan amsa iya gwargwado.

Wani malamin makaranta daga wajen Funtuwa yace yana da gona kadada ɗaya da rabi, ya tara 'yan kuɗi, yana son ya sayi saniyar Turawa mai baƙi da fari wadda yaji ance tana bada lita 20 ko fiye a rana.

Malam gaskiya tana bayarwa, amma a ina? Firiziyan, wato wannan mai baƙi da farin, saniyar ƙasar sanyi ce, asalinta Holan da arewacin Jamus, da zafi ya wuce digiri 25 ta fara takura ta rage cin abinci, mu kuma a watan Afrilu muna zaune cikin digiri 40, ga kaska ga kirci ga sammore a inda ake da tsando, duk abinda Bunaji zata shanye tana kiwonta ita wannan kwantar da ita zai yi. Kuma lita 20 ɗin ba daga iska take zuwa ba, abinci ne mai tsada kullum. In wannan ce saniyarka ta farko ka nemi Bunaji mai kyau ko Bokoloji na Sakkwato, in kana kusa da iyaka ka samu Azawak ma ka dace, a shanun yankinmu tana cikin masu nono. In kuma lallai ranka na kan na Turawa toh ka tsaya a rabi da rabi, uwa Bunaji uba Firiziyan, irin haɗin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana aiki akai, wannan in taci ta ƙoshi lita 6 zuwa 10 ba abin mamaki bane. Wajen saye kar ka yarda da girman hantsa a kasuwar shanu, wasu suna ƙin tatsar saniya kwana guda hantsar ta cika tayi tam don mai saye ya ruɗe. Kaje inda take a tatse ta gabanka da safe, ka koma washegari a sake, ka taɓa kan nonon guda huɗu ka ga kowanne yana zuba, ka duba haƙora, kuma wadda ta haihu sau ɗaya ko biyu da maraƙinta a gefe ta fi maka karsana tunda ka ga abinda take bayarwa da idonka.

Sai wata Hajiya daga wajen Gumel, tace da damina saniyarta na bada lita 4, yanzu da rani da ƙyar ake samun ɗaya, wai ko akwai allurar da ake yi nono ya dawo.

Hajiya babu allurar da zata dawo da nonon da ƙarancin ruwa da abinci ya ɗauke, wanda duk yace miki akwai kuɗinki yake so. Anan zan ɗan daɗe don rabin tambayoyin da nake samu wannan ce, kaya kawai take canjawa. Fara da ruwa. Madara kashi 87 cikin 100 ruwa ce, saniya mai shayarwa tana buƙatar jarka biyu zuwa uku na lita 25 a rana, da bazara ma ta wuce haka, amma sai kaga an kai mata bokiti ɗaya da rana tsaka shikenan sai gobe. Ki aje mata ruwa a inuwa ya zama duk sanda ta waiwaya yana nan, sau da yawa wannan kaɗai cikin sati zaki ga bambanci a ƙwarya.

Sai abinci. Saniya mai nauyin kilo 300 tana cin busasshen abinci wajen kilo 8 a rana. Ki lissafa daga Nuwamba zuwa saukar ruwa, kwana 200 ne ko kusa, kinga kilo 1600 kenan, fiye da tan ɗaya da rabi, na saniya ɗaya tak. Mutane da yawa basu taɓa zama sun yi wannan lissafin ba, sai Maris yayi rumbu ya ƙare a koma sayen harawa lokacin da dami ya ninka kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya, abincin rani da kaka ake tara shi, harawar wake da ta gyaɗa a cire da sauran ɗanyen ganye a shanya a inuwa a ɗora a sama inda ruwa da gara bazasu kai ba, ƙowar wake kar a zubar, karmami a tsinke, 'ya'yan gawo ma in akwai a gona a tara. Karan dawa zalla cika ciki kawai yake, baya yin nono, don ba wani furotin a cikinsa, shi yasa zaki ga saniya ciki ƙato amma haƙarƙari a waje. Ki daddatsa karan ƙanana ki haɗa da harawa, sannan lokacin tatsa ki bata dusa da ɗan ƙuliƙuli ko angurya, ƙa'idar da muke bi kilo 1 na wannan haɗin akan kowace lita 2 da take bayarwa. Angurya kar ta wuce kilo 1 zuwa 2 a rana kuma banda ƙaramin maraƙi, akwai guba a cikinta da cikinsa bai isa ya iya da ita ba. Duk dusa ko ƙuli da ya yi fumfuna a zubar kar a ji asara, gubar fumfunar tana bi ta cikin nono ta iske yara. Gishiri da 'yar kanwa kuma su zauna a gabanta, saniyar da kika ga tana lasar bango tana tauna tsumma da leda abinda take nema kenan, ledar kuwa in ta taru a tumbi ba ta narkewa, haka dabba zata yi ta ramewa ana ta ɗura mata maganin tsutsa a banza.

Akwai dabarar gyara kara da takin yuriya ga mai iya kiyaye awo: kilo 4 na yuriya a narka cikin ruwa lita 100 a yayyafa wa kilo 100 na datsattsen kara ko karan shinkafa, a danne a rami a rufe da leda ruf iska bata shiga, sati 3, in an buɗe a baza ya sha iska warin ya fita kafin a bata, a fara da kaɗan kaɗan. Yana sa karan yayi laushi ya ƙara amfani sosai. Amma don Allah awo a kiyaye shi, ruwan yuriyar in dabba ta sha kashe ta zai yi cikin ɗan lokaci, kuma ba a ba maraƙin da bai kai wata 6 ba. Wanda ya san yaro zai bar wa aikin gara ya haƙura da ita.

Tunda ana maganar abinci, a kula da gyauron dawa, wanda ya sake tohowa bayan girbi ko ɗan ƙarami da fari ya kama, shima yana da guba, saniya ta shiga ta ci ta faɗi ace maciji ne.

Wani dattijo yace maraƙi ya mutu da sati biyu, tun daga ranar saniya ta hana nono, ko an ja ba abinda ke fitowa.

Baba Allah ya mayar da alheri. Shanunmu masu tozo haka suke, sai sun ga ɗansu sun lashe shi ya ɗan tsotsa sannan nono ke sauka, shi yasa Fulani in maraƙi ya mutu suke feɗe fatar su cusa ciyawa a ciki su aje gaban uwar, wani zubin har da ɗan gishiri akai tana lasa ana tatsa, kuma yana aiki, ba camfi bane. In fatar ta riga ta tafi toh sai lallashi, mutum ɗaya wanda ta saba dashi, wuri ɗaya, lokaci ɗaya safe da yamma, dusa a gabanta, a shafa hantsar da tsumma mai ruwan ɗumi. Saukar nonon minti 5 zuwa 7 ce kawai, in aka tsaya hira ta wuce, in aka daka mata tsawa ko aka buge ta ma ta ɗauke. Wata zata dawo wata kuma ta kafe sai haihuwa ta gaba, ba laifin kowa. Abinda nafi so a duba shine me ya kashe maraƙin, don yawanci yunwa ce da gudawa, an tatse uwar tas an bar shi da ragowa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri ɗin nan, shine rigakafinsa, ya sha ya ƙoshi cikin awa 6 na farko domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina ɗaukar kariyar dake ciki. A watanni biyun farko a bar masa kan nono ɗaya ko biyu cikakku, a shafa wa cibiyarsa aidin ranar haihuwa, kar ya kwana cikin danshi.

Wata 'yar uwa kuma tace gefe ɗaya na hantsar ya kumbura yayi zafi, nonon na fita da gudaji gudaji har da ɗan jini, tana ta shuri.

Wannan ciwon hantsa ne, ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta kan nono, mafi yawa daga hannun mai tatsa ko kwanciya cikin kashi da fitsari. Ki riƙa tatse wannan gefen sau da yawa a rana kina zubarwa nesa, ki gasa da ruwan ɗumi, ki bar shi ƙarshe in kina tatsa don kar ki kai wa sauran, sannan a kira malamin dabbobi da wuri, in aka yi sake kan nonon ya mutu ya mutu kenan, kin rasa kashi ɗaya cikin huɗu har abada. Nan gaba wanke hannu da sabulu, ɗigon farko na kowane kan nono a tatsa a baƙin murfi a duba ko akwai gudaji, kuma bayan tatsa a zuba mata abinci ta tsaya a tsaye kamar rabin awa kafin ta kwanta, ƙofar nonon bata rufewa nan take. Abinda ke ɓata min rai shine ayi wa saniya allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta mai dogon aiki da safe, da yamma a dama fura da nononta ko a kai kasuwa. Kowace kwalba an rubuta kwanakin da za'a jira, a karanta ko a tambayi wanda yayi allurar, kafin nan nonon ba na sha bane ba na sayarwa bane.

Mai tambayar saniyarsa ta shekara da haihuwa bata sake ɗaukar ciki ba, ɗan uwa fara duba jikinta, ramammiyar saniya bata neman sa. In jikin da kyau toh wataƙila tana nema kai ne baka gani, duk kwana 21 take zagayowa kuma abin bai cika wuce rabin yini ba, sau da yawa ma cikin dare, tunda ita kaɗai ce ba wadda zata hau balle ka gane. Ka lura da yawan kuka, rashin natsuwa a turke, nono ya ragu kwatsam, farin ruwa mai yauƙi a bayanta, da ka gani a kai ta wajen sa kar a yi jinkiri. Ka rubuta ranar, ciki wata 9 ne da 'yan kwanaki, saura wata 2 ta haihu ka daina tatsa ta huta, kuma banda albendazol a wata ɗaya da rabin farko na ciki.

Akwai wanda yace su tun kakanni ɗanya suke sha daga hantsa ba abinda ya same su, wai dole ne sai an dafa?

Dole ne malam. Tarin fuka yana bi ta nono, bakkale ma haka, kuma saniyar zata iya zama sumul a ido. Bakkale ita ce ke sa ɓari a watannin ƙarshe na ciki da kumburin gwiwa, a jikin mutum kuma zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, ayi ta shan maganin maleriya da taifot ba sauƙi. A tace madarar a ɗora a wuta ta tafasa, in kindirmo ake so a bari ta huce tayi ɗumi a zuba cokalin na jiya a rufe, daɗinsa baya raguwa. In saniya tayi ɓari kar a taɓa ɗan ko mabiyiya da hannu tsirara, a sa leda a binne da zurfi inda kare bazai tono ba, ita kuma a gwada jininta. Mabiyiyar da ta wuce awa 12 bata faɗi ba a kira likita, banda ɗaura mata dutse ana ja. Rigakafin ciwon huhu da harbin daji da saifa kuma duk shekara ne, a Vom kusa da Jos ake yin su, in ma'aikatan jiha sun zo zagaye a fito da ita ko da ita kaɗai ce.

Na ƙarshe wani ma'aikaci ne, yana fita 7 na safe ya dawo bayan la'asar, ƙarshen sati kuma yakan yi tafiya, yace zai iya?

Zaka iya in akwai mutum na biyu a gidan da ya yarda da aikin tun kafin a kawo ta, uwargida ko babban yaro, kuma saniyar ta saba da hannunsa. Tatsa bayan asuba, kwashe kashi a kai juji don takin gona, ruwa, yankan ciyawa ko datsa kara, tatsar yamma, duk ka haɗa awa 2 zuwa 3 ne kullum har ranar sallah da ranar biki. In babu wannan mutumin ka fara da awaki biyu tukunna, ko ka sayi saniyar ka bada kiwo a ruga ka riƙa karɓar rabonka.