Tambaya da Amsa: Wane ne Alƙali Iyal mai Ashafa?

Tambaya: Malam, kowane azumi ana karanta Ashafa a masallacin unguwarmu a Garwa, amma ban san tarihin mawallafinsa ba. Ina neman bayani. Daga wata mai karatu, Garwa, Kamaru.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara miki son ilimi. Sunansa Iyal ɗan Musa, an haife shi a Sabta, bakin tekun Maroko, a shekarar 476 Hijira, wato 1083 Miladiyya. Ya ƙetara Andalus (yankin Sifen na yanzu) neman hadisi, ya yi karatu a wurin Abu Ali Assadafi, sannan ya riƙe alƙalanci a Sabta, daga baya a Garnaɗa, wani birni a Andalus.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne littafinsa Tartibul Madarik, wanda ya tattara tarihin malaman mazhabar Malikiyya tun daga Imamu Malik, ɗabaƙa bayan ɗabaƙa, har almajiri ya gane hannuwan da fiƙihun da muke bi ya ratsa kafin ya iso gare mu. Abin takaici, kaɗan ne cikinmu suka taɓa buɗe shi.

Ya yi adawa da mulkin Muwahhidai, daular da ta karɓe mulkin Maroko a zamaninsa, aka kai shi birnin Marrakish, inda ya rasu a 544 Hijira, wato 1149.